Na Rage Ci, Ina Tafiya, Amma Tumbi Ya Ƙi Sauka

  

Yau filinmu na lafiya zai taɓo wani kuka da muke yawan ji daga maza da mata. Mutum zai ce maka: na bar tuwon dare, na rage shinkafa, kullum bayan asuba ina zagaya gari a ƙasa har in jiƙe da gumi, wata uku ke nan ko huɗu, amma in na hau sikeli yana nan inda yake. Wani ma ya ce ƙaruwa ya yi. Daga nan sai gwiwa ta yi sanyi. Wani ya ce gado ne, wata ta ce jifa aka yi mata, wani kuma ya nufi mai tallar magani a tasha.

Da farko dai, ɗan'uwa, na yarda da kai. Ba ƙarya kake ba, ba kuma ragwanci ne ya hana ka ba. Wanda ya tashi da sanyin asuba ya taka kilomita biyar ba rago ba ne. Kuma maganar ta wuce ta ado. Wanda teɓa ta yi wa yawa ya san yadda gwiwa take ƙara in zai tashi daga sujada, ya san hakin da yake yi kafin ya hau bayan mota ya duba kayansa. Bayan wannan ga hawan jini da ciwon sukari suna laɓe a bakin ƙofa. Ɗan kasuwar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, rumfarsa ma takan kwanta tare da shi.

To bari mu fara da abin da ku makiyaya kuka fi kowane likita sani. In kana son ragon layya ya yi kitse, yaya kake yi? Ka ɗaure shi a turke a inuwa, ka riƙa kawo masa dusa da harawa da ƙasari, wata uku ya zama abin kallo. Ɗan'uwansa da ke bin garke daji bai taɓa yin irin wannan jikin. Yanzu ka dubi Alhajin da ke zaune a shago daga safe har magariba, ko ɗan canji a kan bencinsa, ko dillalin da ya bar bin shanu ya koma zaman kara. Mai ƙosai ta zo, mai fura ta zo, mai tsire ya zo, yaron shayi kuwa ba ya nisa. Ba wanda ya sa masa igiya, amma a turke yake.

Abu na biyu da kuka sani shi ne halin saniya da rani. In ciyawa ta ƙare, saniya ba ta narkewa rana ɗaya. Tana rage kuzari, ta rage nono, ta rage tafiya, jikinta ya yi ta tattalin ɗan abin da ya samu. Da damina ta sauka kuwa, cikin 'yan makonni sai ka ga ta murmure, har ka rantse ba ita ce ka ɗaga da wutsiya a bazara ba. Jikin ɗan Adam haka Allah ya yi shi. In ka matse masa abinci, bai san kai ne ka ga dama ba, ɗauka yake fari aka shiga. Sai ya rage abin da yake ƙonawa, ya ƙara maka yunwa, ya sa maka kasala. Ranar da ka saki hannu kuwa, sai ya yi ta tarawa kamar wanda ya ga damina.

An auna wannan abin. A Amurka an yi wata gasa da aka riƙa nunawa a talabijin, ta masu ƙiba sosai, wanda ya fi ramewa shi ya ci. Wani masani mai suna Kevin Hall da abokan aikinsa suka bi mutum 14 daga cikinsu, suka fitar da sakamako a 2016. Shekara shida bayan gasar, mafi yawansu ƙibar ta dawo, kuma jikinsu yana ƙona ƙasa da abin da ya kamata mai girmansu ya ƙona da kusan kalori 500 a yini. Kalori shi ne mudun da ake auna ƙarfin abinci da shi, za ku ji ina ta ambatonsa. Kalori 500 kuwa ya kai kwanon abinci guda. Kun ga ke nan wanda ya yi wa jikinsa horon yunwa mai tsanani, jikin ba ya mantawa da wuri.

Ai mun gani a azumi ma. Mutum ya yini bai ci ba kwana talatin, amma da an sha ruwa ga kunu da sukari, ga ƙosai, ga soyayyen dankali, ga lemo mai sanyi. Wanda ya ɗan ragu ma, kafin babbar salla ya mayar. Haka mai tsallake karin safe da na rana, ya zo da dare da yunwar kura ya share akushi. A ransa sau ɗaya ya ci. A lissafin jiki kuwa ya ci na sau uku a zama ɗaya.

Tunda mun ambaci lissafi, 'yan kasuwa ku matso, nan fagenku ne.

Mutum mai nauyin kilo 90, in ya yi tafiyar awa ɗaya da ɗan sauri, wajen kilomita biyar, abin da ya ƙona bai wuce kalori 300 zuwa 350 ba. Ya dawo da ƙishi, ya buɗe lemon roba na rabin lita. A cikinsa akwai sukari wajen giram 50, kalori 200 da 'yan kai. Ya zauna a rumfa ya ɓare soyayyar gyaɗa cikin tafi biyu, kalori kusan 300. Shi ke nan, tafiyar asuba ta tafi, har an ci bashi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Wato ko da za ka taka a ƙasa daga Maraɗi har Katsina, kilo ɗayan nan ba zai ƙare ba. Riba ce ake tarawa da ƙwandala, ana kashewa da jika.

Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki. A ƙasar Tanzaniya akwai wasu mutane da ake kira Hadza, masu zaman daji, farauta da tonon saiwa da cirar zuma su ne abincinsu, kullum a ƙafa suke. Wani masani, Herman Pontzer, ya je ya auna abin da jikinsu ke ƙonawa a yini, ya buga a 2012. Kowa ya zaci zai ninka na mutanen birni. Sai ga shi in an yi la'akari da girman jiki, kusan ɗaya ne da na ma'aikacin ofis a Turai ko Amurka. Jiki yana da dabara, in ka kashe da yawa ta ƙafa sai ya tsuke ta wani wajen. Rashin teɓar Hadza daga abin da suke ci ne. Haka kai ma Ardo, da ka bar daji ka dawo bakin kasuwa, babur ya karɓi aikin ƙafa, gaskiya ne. Amma ka tuna a mashekari babu fanke, babu lemo, babu taliya da mai. Akushin ma ya canza.

Kada wani ya ce to rediyo ta ce a bar tafiya. A'a fa. Tafiya tana sauke hawan jini, tana taimakon jiki ya sarrafa sukari, tana gyara barci, kuma wanda ya rage ƙiba ita ce ke taimaka masa kada ta dawo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jikin da zai sa numfashi ya ɗan ɗaga. A ci gaba da ita. Kawai dai kada a ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

To ina ƙibar take shigowa, tunda an rage tuwo? Yawanci ta abin da ba mu ɗauka abinci ba ne.

Na farko shayi. Na san na taɓo inda yake da ciwo. A wajenmu in ba a ɗora buta ba ai ba a yi zama ba, kuma ba a tsayawa a na fari, sai an kai na uku, kowane zagaye kuma da sukarinsa. Wasu rumfunan buta ba ta sauka daga kan gawayi tun safe har dare. Kofin ƙarami ne, shi ya sa ba wanda yake ƙirga shi. Ni ba zan ce maka ga yawan sukarin da kake sha ba, kai za ka gaya wa kanka. Kilo ɗaya na sukari kwana nawa yake yi a rumfarku, kuma ku nawa ne? A misali, in ku uku ne kuma kilo yana ƙarewa a kwana biyar, kowannenku yana shan giram 67 a yini. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kimanin giram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, in an samu rabin haka ma ya fi. Ka ga shayi kaɗai ya haye, ba a zo kan kunu da zoɓo da lemo ba, ba a zo kan shayin safe mai madarar gwangwani da burodi ba. Kuma abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin tauna. Ka sha kalori 400, bayan awa ɗaya cikinka ya ce bai ga komai ba.

Fura da nono abinci ne mai kyau, gero da nono ba su da laifi, da su kakanninmu suka rayu. Amma furar da aka dama da sukari cokali huɗu, a ƙwaryar da mai bin shanu tun hantsi yake sha, in mai zaman benci ya shanye ta ya ci abincin rana cikakke. Matsalar ita ce shi a wajensa ruwa ya sha, yana jiran a kawo abinci.

Sai mai. Wannan ya fi sukari ɓoyewa. Giram ɗaya na sukari ko tsaba kalori 4 ne, giram ɗaya na mai kalori 9. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, ko na gyaɗa, ko manja, ko man shanu, duk tafiyarsu ɗaya a wannan lissafin. Lita ɗaya ta haura kalori 8,000. Hajiya, ki duba lita kwana nawa take yi a gidanki. Wanda ya bar tuwo ya koma shinkafa da wake yana ganin ya yi dabara, alhali an kwarara masa mai ludayi guda a kai, gara ma tuwon da miyar kuka. Awara da ƙosai daga wake suke, amma a cikin mai suka yi wanka. Mai tsire kuma in yana son ya girmama ka, ai kitse yake zaɓo maka.

'Yan'uwana mata masu sana'ar abinci a tasha da bakin duwan, ku ma da naku. Ɗanɗana miya, cinye ƙosan da ya fashe, ƙarasa ragowar yara don kada a zubar. Ba a zauna an ci ba, saboda haka ba a ƙirga ba. Da yayyafi kogi kan cika.

Akwai kuma barci. Direba da ɗan kasuwar da suka kwana a layin iyaka suna jiran a buɗe hanya, washegari jikinsu zaƙi da maiƙo yake nema. Ƙarancin barci yana tayar da yunwa, wannan an tabbatar da shi. Wanda kullum barcinsa awa huɗu ne ko biyar, yana kokawa da cikinsa da hannu ɗaya.

Abin yi ba mai tsada ba ne. Kada ka kashe kanka da yunwa. Ka ci sau biyu ko uku, amma rabin kwanon ya zama ganye: zogale, rama, yakuwa, tafasa, kabeji, abin da kasuwa ta kawo. A samu wake ko ƙwai ko kifi ko nono ko jan nama, don su ne ke riƙe ciki. Mai a auna shi da cokali, a daina tuttulawa daga galan. Lemo a mayar da shi na ranar biki. Shayi kuwa, na san ba za ka iya mayar da hannun abokin ciniki ba, ka karɓi na farko, sauran ka ce Alhamdu lillahi, ko a rage sukarin kaɗan-kaɗan har harshe ya saba. Wanda ake ci da shi a faranti ɗaya da wuya ya san abin da ya ci, hannu ne kawai ke kai da komo. In da hali ka ɗebi naka a ɗan kwano ka zauna cikin jama'a ka ci. Za a yi maka ba'a kwana biyu, daga nan a saba.

Yanzu maganar sikeli. Nauyin mutum yana iya hawa ko sauka da kilo ɗaya ko biyu a cikin yini guda, saboda ruwa da gishiri da abin da ke cikin hanji. Mace kuma kafin al'ada jikinta yakan riƙe ruwa. Wanda yake hawa sikeli kullum wahalar da ransa kawai yake. Sau ɗaya a mako ya isa, da safe, a sikeli ɗaya. Amma ga awon da ya fi shi, kuma kowane makiyayi yana da kayan aikinsa. Ka samu igiya, ka auna tsawonka daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ka yanke. Ka ninka ta biyu. Ka zagaya ta a cikinka, wajen saitin cibiya, ba tare da ka shanye ciki ba. In bakin ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mai haɗari, don shi ke kewaye hanta da hanji yana jawo sukari da hawan jini. Ka ajiye igiyar, duk wata ka gwada. Sau da yawa mai tafiya zai ga igiya tana matsowa alhali sikeli bai ce komai ba.

Wani kuwa duk ya yi wannan, abin ya ƙi. A nan sai a je asibiti, ko likita kamar yadda muke cewa a wannan gefen. Akwai wani ɗan ƙullutu a gaban wuya, wanda in ya kumbura muke kira maƙoƙo. In aikinsa ya yi rauni, mutum yakan yi nauyi, ga gajiya, ga jin sanyi lokacin da kowa ke jin zafi, ga taurin bayan gida. Gwajin jini ke nuna shi, kuma yana da magani. Macen da al'adarta ke tsallake watanni, gashi yana fito mata a haɓa, haihuwa ta yi wuya, ga ƙiba, ita ma a duba ta. Wasu magungunan ma suna ƙara nauyi: allurar insulin da wasu ƙwayoyin ciwon sukari, wasu magungunan taɓin hankali da farfaɗiya, da allurar tazarar haihuwa ta wata uku a wajen wasu matan. Kada a daina su da ka, a koma wa wanda ya rubuta a gaya masa.

Wanda na fi jin tsoro shi ne deksametazon da danginsa. Makiyaya kun san sunan, don akwai na dabbobi. Ana saka shi cikin haɗin maganin ciwon jiki da na sanyin ƙashi da ake ƙullawa a leda, yana kuma cikin irin abin da mata ke kira sha-ka-fashe. Mutum yana sha don gwiwa, bai san shi ke kumbura shi ba. Alamarsa fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, sukari da jini su hau. In ka daɗe kana sha, kada ka yanke rana ɗaya, yin haka yana iya kayar da mutum. Likita ne zai janye maka shi a hankali.

Kuma ba kowane nauyi ne kitse ba. In ƙafa ta kumbura, ka danna da yatsa ramin ya zauna, ko kana haki in ka kwanta, wannan ruwa ne, daga zuciya ko ƙoda ko hanta. Rage tuwo ba ya maganinsa. Ranar da ka gani, ranar za ka tafi.

Maganin rage ƙiba da ake tallarsa a mota da lasifika da cikin waya fa? Yawancin shayin nan da garin nan masu sa gudawa ne, irin su filasko, ko masu sa yawan fitsari. Za ka ga kilo biyu ya tafi a kwana uku, amma ruwan jikinka ne ya tafi, kitsen yana nan, ƙoda kuma tana shan wahala. A zafin bazararmu wannan wasa da rai ne. Akwai allurai na gaskiya da suka fito a shekarun nan, irin su Ozempic, suna rage cin abinci kuma suna aiki. Sai dai suna da tsada ƙwarai, sai a ƙarƙashin kulawar likita, ana ajiye su cikin sanyi, kuma in an daina yawancin nauyin yana dawowa. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama na jabu a Burazil da Birtaniya da Amurka. In jabu ya shiga waɗannan ƙasashe, ku da kuka san yadda kaya ke ratsa iyaka ba sai na ƙarasa ba.

To nawa ya kamata a rage? Nan ne mutane da yawa ke karya wa kansu gwiwa. Mai kilo 100 yana son ya koma 70 na zamanin samartaka, in ya rage biyar sai ya ce bai yi komai ba. A Amurka an yi wani babban bincike kan mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa da ciwon sukari, aka fitar da shi a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiyar minti 150 a mako, kamuwa da ciwon ta ragu a cikinsu da kashi 58 cikin ɗari. Kashi 7 ga mai kilo 100 kilo bakwai ne kacal. Rabin kilo a mako tafiya ce mai kyau, kuma za a kai wani wuri ya tsaya cik na makonni, wannan ba alamar an faɗi ba ce. Mai ciki da mai shayarwa kuwa su bar wannan lissafin tukuna, mai shan maganin sukari kuma ya yi shawara da likita kafin ya rage ci, don kada sukarin ya faɗi masa a hanya.

Ka kuma shirya wa bakin mutane. A kasuwanninmu tumbi shaidar jari ne. Da ka fara saɓulewa za a fara tambaya: Alhaji lafiya? Ko kaya ne aka kama? Hajiya kuma a ce maigida ya daina kula da ita, ko kishiya ta sa ta a gaba. Wasu wannan maganar ce take mayar da su ruwa. Ka gaya wa na kusa da kai tun farko cewa da gangan kake yi, musamman mai dafa maka abinci, don in ba ta sani ba za ta ga ka rame ta ƙara mai a miya.

Amma wanda bai rage ci ba, bai ƙara tafiya ba, ya ga yana zubewa haka kawai, kada ya yi murna. In da yawan ƙishi da yawan fitsarin dare, a auna sukari. In da tari fiye da mako biyu da zufan dare, a auna majina saboda tarin fuka, musamman ku masu shan nono ɗanye. In za ka je, ka tafi da duk magungunan da kake sha a leda, har na gargajiya da na tasha, ka zube su a gaban malamin asibiti ya gani da idonsa.